Kada Ku Raina Ayan Mai Araha

Ƙannena maza da mata, masu son kwance rediyo da tocila don ganin abin da ke ciki, da ku nake. Akwai wata sabuwar kasala da ta shigo mana tare da wayar hannu. Yaro zai zauna ya kalli bidiyon wani Bature ko ɗan ƙasar Sin yana liƙi a kan teburi mai ƙyalli, ga ayan mai akwati da lambobin zafi suna haske, ga madubin ƙara girma, ga injin zuƙe hayaƙi. Yana gama kallo sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce shi sai ya tara kuɗin irin waɗannan kaya tukuna zai fara. Shekara ta zagayo, kuɗi ba su taru ba, sha'awar ma ta kama gabanta. Alhali a shagon kayan wuta na bakin kasuwarsu ga ayan, wato ƙarfen liƙi, nan rataye a ƙusa cikin leda, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ku sayi wannan ɗin, ku fara da shi.

Na san za a ce mini araha ba ta ado, kuma ban musa ba. Sai dai ba ado muka zo yi ba. In ka kwance ayan mai araha, abin da za ka tarar ɗan kaɗan ne. Siririyar waya ce ta nikirom, gamin nikel da kuromiyam, an naɗe ta a jikin wani abu da lantarki ba ya ratsawa, an zura cikin bututun ƙarfe. A gaba ga baki da sukuru ya riƙe, a baya ga mariƙi na katako ko roba. Irin wayar da ke cikin hita ce, wadda wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1906. A 1921 wani Bajamushe, Ernst Sachs, ya yi rajistar nasa ayan na lantarki, ya kafa kamfanin Ersa da ke nan har yau. Daga wancan lokaci zuwa yanzu an ƙara wa ayan dabaru iri-iri, amma aikinsa bai canja ba: ya kai zafi wurin da ƙarfe biyu suka haɗu har dalma ta narke ta bi jikinsu. Dalma kuwa ba ta tambayar nawa aka sayi ayan.

Kafin ma lantarki ya zo, da garwashi ake yi. Ku je layin masu liƙin radiyeta, ko masu ƙera mazurari da fitila da gwangwani, za ku ga guntun jan ƙarfe a cikin gawayi, mai aiki ya zaro shi, ya goga, ya liƙe abinsa tsaf. William Kamkwamba, ɗan ƙauyen Wimbe a ƙasar Malawi, wanda ya haɗa injin iska mai ba da wuta yana ɗan shekara 14 bayan rashin kuɗi ya fitar da shi daga makaranta, ya faɗa a littafin tarihinsa na 2009 cewa da gyaran rediyo suka fara shi da ɗan'uwansa, kuma ba su da ayan. Waya mai kauri suke sa wa a wutar murhu, in ta yi ja su liƙa da ita. Wanda yake da ayan na lantarki, ko da mafi arahar kasuwa ne, ya riga ya fi su kayan aiki nesa ba kusa ba.

To, ina sirrin yake in ba a tsadar ayan ba? Yana cikin daƙiƙa uku, kuma bari in faɗa muku su dalla-dalla. Ka zura ƙafar rezista a ramin allo, ka ɗan lanƙwasa ta ta baya don kada ta zame. Ka goge bakin ayan, ka ɗan taɓa masa dalma har ya yi ƙyalli. Sai ka kwantar da gefen bakin, ba tsininsa ba, ya taɓa ƙafar da zoben jan ƙarfen da ke kewaye da ita a lokaci guda. Ka ƙirga ɗaya. Sannan ka kawo wayar dalma ta ɗaya gefen, ka taɓa ta a mahaɗar, ba a jikin ayan ba. In zafin ya kai, da idonka za ka ga ta narke ta gudu da kanta ta zagaye ƙafar. Ka janye dalmar, sannan ka janye ayan. Kada ka hura, kada ka motsa allon sai ta daskare. Liƙi mai kyau yana sheƙi, gindinsa da faɗi, samansa da tsini, kamar jinkar ɗaki. Wanda ya dunƙule ya yi dusu-dusu, dalma ce ta zauna a kan ƙarfe mai sanyi ba ta kama ba. Irinsa ne ke sa rediyo ta yi magana yau, gobe sai an buga mata hannu.

Kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi shi ne ya narka dalma a bakin ayan, ya ɗauko ta ya shafa a wurin. Dalilin da ya sa hakan ba ya aiki yana cikin wayar dalmar kanta. In ka yanke ta ka duba, akwai ɗan rami a tsakiyarta cike da wani ƙaro da ake samu daga itacen fayin, shi ne fulaks. Aikinsa ya cinye tsatsar da ido ba ya gani a fuskar jan ƙarfe, don dalma ta sami wurin kamawa. Wannan ƙaro daƙiƙa kaɗan yake yi a kan zafi ya ƙone. In ka narka dalmar a bakin ayan, kafin ka iso mahaɗar ya riga ya tashi a hayaƙi. Ayan na dala ɗari ma ba zai gyara maka wannan ba.

Saboda haka in akwai inda za ku saki hannu wajen kashe kuɗi, a kan dalma ne. Ta gaskiya, wadda aka rubuta 60/40 a jikinta, kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma zalla, tana fara narkewa a digiri 183, ta gama wajen 190. Akwai 63/37, wadda ke narkewa gaba ɗaya a 183 ta kuma daskare nan take, ita ta fi daɗin aiki. Amma kuza ta ninka dalma tsada fiye da sau goma a kasuwar duniya, don haka masu algus suke rage ta su bar rubutun yadda yake. Irin wannan za ka ga tana yin kauri a bakin ayan, ba ta gudu, in ta daskare ta yi toka-toka, kai kuma ka yi ta zagin ayan ba laifinsa. Ka roƙi mai shago ya narka maka ɗan guntu ka gani kafin ka biya. Ka nemi siririya, mai kaurin milimita 0.8 ko kusa da haka. Man liƙin masu famfo da masu radiyeta kuwa, kada ya kusanci allonka, yana da asid, zai ci jan ƙarfen a hankali bayan ka rufe akwati ka manta.  

Yanzu bari mu zo kan aibin ayan mai araha, don yana da shi, kuma wanda ya ɓoye muku bai yi muku adalci ba.

Babban aibinsa shi ne bai san zafin kansa ba. Ayan mai akwati yana da ma'auni a ciki, in zafi ya kai inda aka sa shi sai ya yanke wuta, in ya sauka ya maido. Namu kuwa tun da aka jona shi yake shan wuta har a zare. In ka ajiye shi ka tsaya neman kafasita a cikin gwangwani, zafinsa yana iya haura digiri 400, alhali aikin dalmar 60/40 bai buƙaci fiye da 320 zuwa 350 ba. A nan baki ke yin baƙi, dalma ta ƙi kama shi, zoben jan ƙarfe ya ɗago daga allo. Shi ya sa ban ba ku shawarar mai wat 60 ba, duk da masu shago sun fi son tura shi. Mai wat 30 ko 40 ya ishi aikin allo. Kada kuma ku ce za ku sayi mai rauni sosai don gudun ƙona kaya. Ayan mai rauni ya fi ɓarna, don yana sa ka daɗe a kan mahaɗa kana jira, zafin kuma yana bin ƙafa yana shiga cikin tiranzista.

Wutarmu ma tana da nata hali. A takarda bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda ƙwai ke yin ja-ja da magariba. Ƙarfin ayan ba ya sauka daidai da saukar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa. In wuta ta sauko zuwa 180, ayan mai wat 40 bai fi wat 25 yake bayarwa ba. In kuma ƙaramin janareta ya yi tsalle zuwa 250, ya kusa wat 47. Wato ayan ɗaya ne, amma na safe daban, na dare daban. Maganin farko shi ne ka saba gwada shi da dalma kafin kowane liƙi: in ta narke nan take, bismilla, in tana jinkiri, ka jira, in hayaƙi ya tashi fuu ƙaron ya yi baƙi, ka zare shi minti ɗaya. Tsofaffin masu gyaran rediyo suna da wata dabara: su sa dayod guda, irin 1N4007, a kan layin wutar ayan, da makunni a gefensa. In wuta ta bi ta dayod, rabin ƙarfi kawai ke isa, ayan ya zauna da ɗumi ba ya ƙona bakinsa. In za a yi aiki a danna makunni, cikakken ƙarfi ya dawo. Wannan aikin wutar gida ne, don haka ku kai wa wanda ya iya ya haɗa muku a cikin akwatin soket a rufe, kada ku bar waya tsirara.

Aibi na biyu baki ne. Bakin kirki jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da siririn baƙin ƙarfe, don dalma mai zafi tana cin jan ƙarfe tsirara. Irin wannan ba a sa masa zarto ko sanfefa, kana kankare rufin ka kashe shi. Goge shi ake yi da soso mai danshi, ba mai ɗigar ruwa ba. Ranar farko da za ka jona sabon ayan, ka tsaya a kansa da dalma a hannu, yana fara zafi ka lulluɓe bakin da ita tun kafin iska ta baƙanta shi. Kullum kuma kafin ka zare shi ka bar masa ɗigon dalma a baki, a haka zai kwana. Wasu masu arahar bakinsu jan ƙarfe ne zalla. Wannan zai riƙa yin rami, amma shi ana goge shi da zarto a sake shafa masa dalma, in ya ƙare ma guntun jan ƙarfe mai kauri daidai ramin zai maye gurbinsa. In da zaɓi, ka ɗauki baki mai ɗan faɗi irin na sukundireba, ya fi mai tsinin allura kai zafi. Lokaci-lokaci, in ya huce, ka kwance sukurun ka zaro bakin ka kaɗe tsatsa, in ba haka ba wata rana zai ƙi fita. Kuma don Allah kada ka huda roba da shi.

Na uku shi ne wanda ya shafi rai. Yawancin masu araha filoginsu ƙafa biyu ne, ba su da layin ƙasa, kuma wani lokaci wuta tana ɗan yoyo zuwa jikin ƙarfen. In kana da mita, ka tafi da ita shago. Ka sa ta a ma'aunin om, tsinke ɗaya a ƙafar filogi, ɗaya a bakin ayan. Bai kamata ta nuna komai ba. In ta nuna wata lamba, ka mayar masa da abinsa. Sannan ka auna tsakanin ƙafafun filogin biyu. Mai wat 40 na gaskiya zai nuna wajen om 1,300, mai wat 30 wajen 1,700, mai wat 60 ƙasa da 900. Da haka za ka gane ko rubutun jikin kwali gaskiya ne. Wannan lissafi na ayan mai wayar nikirom ne, wanda ba shi da maɓallin murɗa zafi. Ka ja wayarsa a hankali ka ga ko tana motsi a cikin mariƙi. In za ka liƙa ƙananan ai-si masu saurin mutuwa, ka bar ayan ya yi zafi, ka zare shi daga soket, ka liƙa da zafin da ya rage.

Ka yi masa mazauni, ko da waya mai kauri ce ka lanƙwasa ka kafa a katako. Kada ka ajiye shi a kan tabarmar leda ko katifa. In ya suɓuce, ka matsa baya ka bar shi ya faɗi, hannu ba ya cafe ayan. In akwai ƙanne masu rarrafe a ɗakin, aikin ya jira.

Maganar dalma kuma ba ta wasa ba ce, mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Liƙin rediyo bai kai ko kusa da wannan ba, amma hanyar shigar gubar ɗaya ce: hannu zuwa baki, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Na sha ganin masu gyara sun riƙe wayar dalma da haƙori don hannuwa biyu sun cika. Kada ku koyi wannan. Kada ku ci gyaɗa ko rake kuna aiki, ku wanke hannu da sabulu in kun gama, ku tattara ɗigon da ya zuba ku zubar inda yaro ba zai tsinta ba. Hayaƙin da ke tashi ba dalma ba ce, ita sai zafi ya wuce digiri 1,700 take tafasa. Ƙaron ne ke ƙonewa, amma shi ma yawan shaƙarsa yana jawo asma. Ku zauna kusa da taga. Fanka kuma kada ta fuskanci ayan, za ta sanyaya shi, ku juya ta ta riƙa jan hayaƙin waje.

Wurin koyo ba ya buƙatar kuɗi. Ka je wurin mai gyaran rediyo na unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi mataccen allo, ko ka saya a hannun 'yan gwangwan. Ka cire kayan jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ka mayar, ka sake cirewa. Za ka ci karo da allon da dalmarsa ta ƙi narkewa, musamman na kayan zamani. Dalili shi ne tun 2006 dokar Tarayyar Turai ta hana sa dalma mai guba a yawancin kayan lantarki, masana'antu suka koma gamin kuza da azurfa da jan ƙarfe, wanda sai wajen digiri 217 yake narkewa. Dabarar ita ce ka ƙara sabuwar dalmarka a kan tsohuwar, su gauraya, sai ta saki. Amfanin araha ke nan a wannan mataki: ba ka tsoron ɓarna. Wanda ya ci bashi ya sayi ayan mai tsada lallaɓa shi zai riƙa yi, ba zai ba ƙaninsa aro ba. Malamin da ke da ƙungiyar kimiyya a makaranta kuwa, kuɗin ayan mai akwati guda zai sayi masu araha da za su ishi benci da yawa, kowane yaro ya riƙe nasa maimakon su yi layi suna kallon hannun mutum ɗaya. Canjin da ya rage a sayi mita da ƙaramar filaya da abin zuƙe dalma.

In hannu ya fara faɗawa, ka haɗa abin da ke aiki da batir. Ƙwan LED da rezista da makunni sun isa aikin farko. Daga nan ai-si mai lamba 555, wanda ya fito tun 1972 kuma har yau ake sayar da shi, zai sa maka ƙwai ya riƙa ƙiftawa. LM386 zai ba ka ƙaramar amfilifaya da za ta tayar da sifika. Cikin caja da talabijin da inbata kuwa ka dakata tukuna, akwai kafasita a ciki da ke riƙe bolt fiye da 300 ko bayan an zare filogi. Batirin litiyam irin na fitila mai caji shi ma kada ka ɗora masa ayan kai tsaye, zafi yana sa shi kama wuta.

Akwai inda ayan mai araha ke tsayawa. Fanel ɗin wayar hannu hawa-hawa ne na jan ƙarfe da ke shanye zafi, kayan jikinsa wasu ba su kai ƙwayar gero ba, wasu ƙafafunsu a ƙarƙashinsu suke inda baki ba ya kaiwa. In ka leƙa rumfunan masu gyara a Farm Centre ta Kano za ka ga injin hura iska mai zafi da madubi da ayan mai akwati, ba don gayu ba, aikin ne ya buƙaci haka. Ranar da ka ga hannunka ya daidaita, liƙinka yana sheƙi, amma allon gabanka ya fi ƙarfin ayan, ranar ce ta sayen na gaba. Shi ma ba lallai ya yi tsada ba. Samfurin Hakko 936 na Japan an kwaikwaye shi a ƙasar Sin har ya cika kasuwa, bakinsa iri-iri ana samu ko'ina. Akwai kuma ƙanana masu kama da biro, irin Pinecil da ya fito a 2020 a kan kusan dala 25, masu riƙe zafin da aka sa musu, suna aiki da cajar USB-C mai ƙarfi ko da wutar batir, abin da zai yi wa mai sola daɗi ranar da aka ɗauke wuta. Tsohon kuma kada ka jefar. Za ka buƙace shi wajen liƙa wayoyi masu kauri da jikin ƙarfe, da ranar da ƙanwarka za ta ce ita ma a koya mata.